Yadda Na Tura Dillalin Shanu Gyaran Manhaja

Shekarun baya, tun gemuna bai gama haɗewa ba, na taɓa tura dillalin shanu ya kai rahoton matsalar kwamfuta. Duk wanda na ba shi labarin nan sai ya ce ƙarin gishiri nake yi. Abokina da aka yi abin a kan idonsa kuwa cewa yake ragewa ma nake yi don in rufa wa kaina asiri. Yau dai bari in ba ku shi yadda ya faru.

Ni mutum ne da littattafan soyayya suka rena. Yayyena mata ne suke karɓo hayarsu ranar Juma'a idan kasuwar Wudil ta ci, su tura ƙarƙashin katifa, ni kuma in bi bayansu in zare, in tafi bakin kogi in samu inuwa ina karantawa har masunta su fara dawowa. Kafin in gama sakandare na riga na san yadda duniya take. Saurayi zai ga budurwa, gabansa ya faɗi, wani ƙaton dutse ya tare hanya, ya sha wuya, ya rame, ya yi wani dogon jawabi da zai sa kowa hawaye, sannan a ɗaura aure a shafin ƙarshe. Ban taɓa shakkar cewa nawa littafin yana nan tafe ba. Karatun kwamfuta na yi a jami'ar garinmu, amma ko a aji, malami yana zuba lissafi a allo, ni ina can ina tsara kalaman da zan faɗa wa wadda ban ma haɗu da ita ba.

Da na haɗu da ita ɗin kuwa, sai ta ƙi bin tsarin littafin. Karatun noma take yi, ina gabanta da aji ɗaya. Ranar da na fara zuwa zance ƙofar gidansu bayan la'asar, na sha guga, na sha turare, na ce mata tun da na ɗora ido a kanta wata ya daina burge ni. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan a shafi na nawa yake? Kamar na taɓa karanta shi." Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma sai ta yi dariya, ta shiga gida ta kawo mini tabarma da ruwa, kuma ba ta ce kada in dawo ba.

Na yi ta dawowa har na gama makaranta. Wata rana ina tsaka da wani sabon kalami da na kwana biyu ina gogewa, ta katse ni.

"Malam, ka daina wahalar da kanka a kaina. Ni na riga na amsa tuntuni. Yaya ne a gabanka."

Mahaifinsu dattijo ne mutumin Darki, ya bar gona a hannun 'yan'uwa ya dawo cikin gari saboda ciwon ƙafa. Ya riga ya faɗa a gidan cewa shi bai san yaran zamanin nan ba, idanunsu duk iri ɗaya ne a wurinsa. Duk wanda ya zo neman 'yarsa, babban yayanta ya duba shi, abin da ya ce shi ke nan. Shi kuma yayan nata ma'aikaci ne a sashen kwamfuta na jami'a, dogo, siriri, mai tsadar murmushi. Idan ka jero masa gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya aiki, ya iyali, ya muka ji da zafi, sai ya haɗa su duka ya ce "Lafiya," ya wuce. Na sha tsayawa a hanyarsa don ya san da zamana. Bai taɓa nuna ya gane fuskata ba.

Na ce a raina, to ga dutsen ya bayyana. Na tambaye ta me yake so a duniya. Ta ce, "Baƙin allon nan nasa. Ko abinci sai an yi masa magana sau uku."

Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba harkarsu ba ce. Akwai wani tsari da ke tafiyar da kwamfuta, sunansa Linux, ba a sayensa, kyauta ne. Irin wanda yayan nata yake wa hidima, 'yan sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban suke riƙe da shi, ba albashi, ba ko sannu. Suna da wani babban rumbu a intanet inda suke tara manhajoji, kowacce an ɗaure ta a ƙunshinta, an rubuta a jiki abubuwan da take buƙata kafin ta yi aiki. Mai kwamfuta hannu kawai zai miƙa ya ɗauko. Kowane ƙunshi da mai kula da shi, kamar yadda kowace gona take da mai ita. Shi yana cikin masu kula da waɗanda aka rubuta da Python, wani yare da ake rubuta manhaja da shi. Kwamfutocin ɗakin karatun ɗalibai ma daga wannan rumbun suke ci, shi ya ɗora su a kai.

Mutanen nan suna da doka guda biyu da ba a tsallakewa. Ta farko, aikin mutum ba ya shiga rumbu sai wani ya duba ya sa hannu, ko da shi ne ya kafa rumbun. Ta biyu, duk abin da za a faɗa game da aiki a fili ake rubuta shi, a wani zaure na intanet da kowa yake gani, da sunanka a sama, kuma ba ya goguwa.

Nan na shiga, don Allah da kuma don ita, amma gaskiya rabonta ya fi yawa. Abokina yana da shagon buga takardu kusa da ƙofar jami'a, yana da sola, sai ya ba ni kusurwa da kujera. Na fara da ƙananan gyare-gyare, ana dawo mini da su, ina sakewa. Abin mamaki, sai aikin ya fara shiga raina. Akwai wani daɗi idan ka sa ƙunshi ya ginu, rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo kamar ruwan kwata bayan an ɗauke sama, daga ƙarshe ya tsaya a kan kore, alamar komai ya yi daidai. A hankali aka yarda da ni har aka sa ni cikin masu dubawa. Yayanta bai ce mini komai ba. Amma ya fara ƙara "lau" a kan "lafiya", ni kuwa na kai mata wannan labarin kamar an yi mini albishir da kujerar Makka.

Ana nan sai aka fitar da sabon zubin Python. A wurin mai amfani da kwamfuta wannan ba komai ba ne, amma a wurin masu rumbu kamar a ce an sauya harsashin gini ne mutane suna ciki. Duk wani ƙunshi da aka rubuta da yaren sai an kwance shi, an sabunta, an sake ginawa a kan sabon, an gwada. An kuma sa ranar rufe rumbu. Abin da bai shirya ba kafin ranar, a waje za a bar shi. A hannun yayanta akwai wani babban ƙunshi da ƙanana da yawa suke jingine da shi, har da waɗanda ɗalibanmu suke yin aikin lissafi da su. Kowa shi yake jira. Ya sabunta shi, ya sa a zaure, ya rubuta cewa ya gwada, lafiya lau. Wata baiwar Allah da ke raba aiki, wadda ban taɓa ganin fuskarta ba, ban ma san a wace ƙasa take ba, ta rubuta sunana a matsayin mai dubawa.

Na kusa yin rawa a shagon. Sunana a ƙarƙashin nasa, a gaban duniya! Na ce wa abokina wannan ba aikin mutum ba ne, rubutaccen al'amari ne.

Ka'idar dubawa ita ce ka gina ƙunshin a wuri sharare, wato ka ware wani ɗaki a cikin kwamfuta wanda babu komai a cikinsa sai abin da mai ƙunshin ya rubuta cewa ana buƙata. Na ware, na yi bismillah, na sa shi. Rubutu ya yi ta gudu, ya yi ta gudu, sai ya tsaya a kan ja. Na ce intanet ne. Na sake. Ja. Na ce zafi ne ya dami kwamfutar, na ɗora ta a gaban fanka. Ja. Da na natsu na karanta, sai na ga abin a fili. Sabon zubin yana buƙatar wani ɗan ƙaramin ƙunshi da tsohon bai buƙata ba, shi kuma ya manta bai rubuta shi ba. A kwamfutarsa abin yana nan tun da daɗewa, shi ya sa ya ginu a wurinsa. Kamar mace ta rubuta wa amarya yadda ake miyar kuka ta manta da daddawa, saboda ita a kicin ɗinta ba a taɓa rasa ta ba. Layi ɗaya ne tak. Amma idan ya shiga rumbu a haka, shi da duk masu jingine da shi zubewa za su yi.

Abokina ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "To ai ka gano. Rubuta mana."

Na ce, "In rubuta a ina?"

"A zauren naku."

"Yayanta ne fa! In tsaya a gaban mutanen duniya in ce ya yi kuskure? Ni? Da wane bakin?"

"To sa hannu."

"In sa hannu ya fashe, a ga sunana a ƙasa?"

"To gyara masa a ɓoye."

"Gonarsa ce. Ko waƙafi na taɓa sai an ga sawuna."

Ya koma kan injinsa yana cewa, "Kai dai soyayya ta gama da kai. Allah ya ba ka lafiya."

Na koma gida na kasa cin abinci. Mahaifiyata tana tsakar gida tana tsige zogale a faranti, ta dube ni ta ce, "Kai wannan, me ya same ka kake tafiya kamar kazar da ruwa ya daka?" Ba ta kiran sunana, sunan mahaifinta ne aka sa mini. Na zauna na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ba ta tambaye ni menene Python ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Abu ɗaya ta kama.

"Wato wan yarinyar ya yi kuskure a aiki, kai ka gani."

"E, Inna."

"Kuma kana tunanin ka tare shi ka faɗa masa?"

"Ko in rubuta a inda kowa zai gani."

Ta ajiye farantin. "Inna lillahi! Wa ya rene ka? Surukinka ne fa, ko yau ko gobe. Ana faɗa wa suruki laifinsa baki da baki ne? Ai aike ake yi. A samu babba mai hankali ya je ya sanya masa a kunne, ya gyara abinsa, kai ba ka gani ba, shi bai ji kunya ba. Gobe Juma'a, kawunka zai shigo kasuwa. Shi za ka tura."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Har na yi mamakin yadda mutanen rumbu, da duk iliminsu, ba su taɓa tunanin wannan hanyar ba.

Kawun nawa ƙanin mahaifiyata ne, a Lajawa yake zaune, dillali ne a kara, kasuwar shanu, tun kafin a haife ni. Mutum ne mai faɗin murya da faɗin riga, wanda zai iya sa mai sayarwa da mai saye su rabu kowa yana ganin shi ya ci riba. Na same shi bayan an sauko daga masallaci, yana zaune a benci yana shan fura. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na karanta masa.

Ya ce, "Tsaya. Wannan ƙunshin, dami ne?"

Na ce kusan haka.

"Ya ɗaure dami, ya bar zangarniya ɗaya a gida."

"Kawu, ba zangarniya ba ce, wani ƙunshin ne daban da ake buƙata kafin a gina…"

"Ɗan nan, ni za ka koya wa magana? Ni da na raba Bafulatani da mahauci suna riƙe da wuyan juna? A kara ba a ce wa mutum sanka gurgu ne. Cewa ake yi yana ɗan tausaya wa ƙafarsa. Mai dabba ya san abin da ake nufi."

Na roƙe shi ya riƙe sunan ƙaramin ƙunshin. Na faɗa, ya maimaita, ya fito da wani abu mai kama da sunan maganin tsutsar ciki. Na sake faɗa. Ya ce in bar shi haka, Allah zai kawo shi bakinsa idan lokaci ya yi. Na kwatanta masa gidan, na jaddada masa cewa yayan kaɗai zai gani, a gefe, a asirce.

Abin da ban lissafa ba shi ne, Kawu ba ya shiga gidan mutane hannu rabbana. Ya biya ya sayi goro mai kyau, fari da ja, aka naɗe masa a ganye. Ya ga kuma bai dace ya je shi kaɗai kamar mara dangi ba, sai ya ja wani amininsa dillali, shi ma da babbar rigarsa ta Juma'a.

Ina shagon abokina, la'asar ta yi sanyi, sai ga kiranta. Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malam, ashe haka kake? Ba ko sanarwa?"

"Me ya faru?"

"Ga dattawa biyu a zauren Baba da goro. An aika a kira Baffa. Umma ta sa an kama kaza. Ni an ce kada in fito."

Na ajiye wayar na dafe kai.

Yadda Kawu ya ba ni labari daga baya, da suka yi sallama mahaifinta ne a zaure. Ya ga riguna, ya ga goro, ya ji an ce daga wajen yaron nan mai zuwa zance, sai ya sa aka shimfiɗa darduma. Aka yi gaisuwa, aka tambayi damina, aka gano ma kakan wani ya taɓa auren 'yar gidan wani. Na ce, "Kawu, me ya hana ka ce ba abin da ya kawo ku ke nan ba?" Ya ce, "Kai, dillali ya ga kasuwa ta buɗe da kanta ya ce shi ba ciniki ya zo ba? Ai sai na shigar da maganar." Ya nema mini izini a hukumance, da karin magana da komai. Dattijon ya yi godiya, ya ce sun ji, sun kuma yaba, amma magana tana hannun yayanta. Shi kuwa yana zaune a gefe tun da aka kira shi.

Da za su tafi ne Kawu ya tuna da ainihin aiken. Ya kama hannun yayan ya ja shi bayan zaure, ya rage murya ya ce, "Ɗanmu ya ce a gaya maka, damin nan da ka ɗaure na cikin na'ura, yana ɗan tausaya wa ƙafarsa. Akwai abin da aka baro a gida. Amma ka kwantar da hankalinka, bai faɗa wa kowa ba, kuma ba zai faɗa ba. Mu yanzu ai an zama ɗaya."

Kawu ya ce mini, "Na gama maka komai, tsuntsu biyu da dutse ɗaya." Ni kuwa da na ji kalmomin da ya yi amfani da su, na san an gama da ni.

Washegari da hantsi na ji tsayuwar babur a ƙofar shago. Ya shigo, ya yi sallama a taƙaice, bai zauna ba. Abokina ya tsuguna a bayan injin buga takardu ya shiga gyaran abin da bai lalace ba.

"Kai ka turo dattijon nan?"

"Ni ne, Malam."

"A zama ɗaya an nemi ƙanwata, an kuma ja ni gefe an raɗa mini cewa an kama ni da kuskure amma za a rufa mini asiri. Me kake so in fahimta? In ba ka ita, ka yi shiru? Ciniki ne?"

A littafi, nan ne saurayi yake miƙewa ya yi jawabin da zai sa kowa kuka. Na laluba cikina, duk kalaman da na tara tun ina yaro babu ko ɗaya a gida. Abin da ya fito kawai shi ne, "Wallahi kunya ce, Malam. Kunyarka na ji."

Daga bayan inji abokina ya ce, "Malam, ka yi haƙuri in sa baki. Wallahi ba shi da wayon da zai ƙulla wannan. Da yana da shi da tuni ya yi arziki."

Yayan ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Ka ji kunyata. Ɗaliban da za su kunna kwamfuta ta ƙi aiki fa, su ba ka jin tasu? Mutane suna can suna jiran ƙunshin nan, kai kana nan kana aika goro. Buɗe."

Na buɗe kwamfutar.

"Rubuta. A zaure."

Ya tsaya a kaina. Da Turanci ake rubutun, amma ga abin da na fara: bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, tare da girmamawa ga babbanmu wanda kowa ya san zurfin iliminsa…

"Goge."

Na goge. Na rubuta cewa wataƙila kwamfutata ce take da matsala.

"Kwamfutarka ce?"

"A'a."

"To goge."

Na rubuta cewa akwai wani ɗan abu ƙarami da bai kai a ambata ba.

"Ya ginu ko bai ginu ba?"

"Bai ginu ba."

"To haka za ka ce."

Abin da ya rage a ƙarshe bai fi a karanta da numfashi ɗaya ba. Ƙunshin bai ginu a wuri sharare ba. Yana buƙatar kaza, ba a rubuta shi ba. Ga saƙon da ya fito. Ban sa hannu ba. Na tura. Na ji kamar na mari babba a tsakiyar kasuwa.

Yana tsaye a wurin ya zaro wayarsa ya yi ɗan danne-danne. Sai ga amsarsa ta fito a allona, a ƙarƙashin tawa: Gaskiya ne, ni na manta. Na gode da ka kama. Gyara yana zuwa. Na zauna ina jiran duniya ta tashi. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi salati. Baiwar Allahn nan mai raba aiki ta rubuta, madalla, sai na gaba. Shi ke nan. Abin da ya hana ni cin abinci, ya motsa dattawa biyu, ya ci ran kaza, a wurinsu bai kai a ɗaga kai ba.

Ya sa wayar a aljihu ya ce, "Akwai ƙanana da yawa da suke jira. Ka zo ofis bayan azahar da kwamfutarka." Maganar aure kuwa ko alamarta.

Haka muka yi ta yi har ranar rufewa ta matso. Shi ya sabunta in duba, ni in sabunta ya duba. Ya dawo mini da nawa ba sau ɗaya ba, ba tare da ya tausasa ko kalma ba. Na sake kama shi a wani wuri, na rubuta, wannan karon gumi kawai na yi. Wata rana aka kawo masa soyayyen kifi da gurasa daga bakin gada, ya turo mini gabana. Na ce na ƙoshi, alhali cikina yana kiran ciroma. Bai ɗago daga allon ba ya ce, "Ci. Ko shi ma sai ka turo kawunka?" Ranar na fara ganin haƙoransa.

Aka rufe rumbu, namu duka suna ciki. Ya ce sannu da aiki, na ce sannunmu. Na jira ya ƙara wani abu, ya ɗauki makullin babur ɗinsa ya tafi. A gida kuma baffannina sun yi fushi, wai an tsallake dangin uba an tura kawu neman aure kamar ba su da rai, mahaifiyata tana ta bin su da ban haƙuri. Na rame a kwanakin nan, ramar gaske, ba irin ta littafi mai kyau a ido ba.

Ranar da na koma zance, ta fito da tabarma fuskarta a ɗaure. Gabana ya faɗi. Ta zauna, na ce, "Don Allah ko mene ne ki faɗa."

"Baba ya tambayi Yaya jiya. Ina bayan ƙofa."

"Me ya ce?"

"Cewa ya yi, Baba, yaron yana da ido, kuma ba ya sa hannu a kan abin da ya san ba daidai ba ne, ko da zai rasa abin da yake so. Baki ne ba shi da shi. Amma tun da ita tana da na mutum biyu, sai su raba." Ta harare ni. "Ni aka zaga, kai aka yaba, kuma dariya kake yi."

Ba dariya kaɗai nake yi ba, har da hawaye, amma ta yi mini kara ba ta faɗa ba.

Yanzu yaranmu sun fara tasawa, ni da Yaya kuma har yau muna cikin masu kula da rumbun nan. Duk sanda aka fitar da sabon zubi sai mu sake komawa ruwa. Da safe in rubuta masa a gaban duniya cewa aikinsa bai yi ba, ya sake. Da yamma in je gidansu in cire takalmi tun daga ƙofa, in durƙusa in gaishe shi, ba na iya haɗa ido da shi. Da ina ganin dole ɗaya ta kori ɗaya. Yanzu na gane kunya ba ta hana gaskiya, wurin zamansu ne daban, kuma mutumin da ya ce ka faɗa masa kuskurensa a fili ya girmama ka fiye da wanda ya ba ka kujera. Ban daina son littattafaina ba, ina ma da kwali guda a ɗaki. Sai dai idan na zo inda saurayi yake dogon jawabi, nakan ji tausayinsa, in ce bawan Allah, da ka faɗi abin da ya faru kawai.

Na taɓa gwada faɗa wa mahaifiyata wannan darasin, a hankali, cikin ladabi, cewa a irin aikinmu ba a aike, kai tsaye ake magana. Tana goye da 'yata ta biyu a lokacin. Ta juyo ta dube ni, ta dubi yarinyar ta kafaɗarta, ta ce, "To. Wannan da ke bayana, kai tsayen ne ya kawo ta? Da ban ce a tura kawunka ba, da yanzu kana nan ƙofar gidan mutane kana fesa turare."

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Haka ne, Inna."